Fangalin da Ya Ƙi Sakin Ruwa

To, Malam Ɗanjuma, ka ce 'yarka Uwani ta shekara huɗu a ɗakin gwaji tana jifan abin da ido ba ya gani da wani abin da ido ba ya gani, kai kuma ka rasa gane kan wannan sana'a. Ni da na tsufa ina koyar da kimiyya, bari in warware maka. A cikin tauraron da ya manyanta, cibiyar ƙwayar zarra takan cafke wani ɗan mitsitsin abu da ake kira nutron. In ta cafke sai ta ƙara nauyi, in an jima ta rikiɗe ta zama wani sinadarin, shi ma ya cafke nasa ya wuce gaba. Haka ake hawa daki-daki, tun daga baƙin ƙarfe har a kai dalma. Wani sinadarin hannunsa da sauri, wani kuwa sai ya shekara da shekaru bai kama ko ɗaya ba. Ba mai hawa tauraro ya leƙa cikinsa, shi ya sa su Uwani suke auna saurin kamun kowanne a nan ƙasa. Daina girgiza min kai, ga misali daga lambu, inda ka fi ni wayo.

An yi wasu manoman albasa biyu a bakin wata fadama, shekara talatin suna noman rani tare, kwano ɗaya suke cin dambu. Ruwa yakan shigo ta lambun na sama, ya cika wannan fangali, ya zube ta 'yar kafa zuwa na gaba, har ya gangaro lambun na ƙasa. Wata shekara albasar na ƙasa ta fara yaushi, daidai lokacin da take shirin yin kai. Ya ɗaga ido, sai ya ga fangalin abokinsa na ƙarshe, wanda ke kan iyaka, cike fal, kwaɗi na ta biki a ciki. Haba! Nan take zuciya ta ɗebe shi. Ya ce lallai mutumin nan tare ruwa yake yi don tasa ta fi girma. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya koma amsa gaisuwa ciki-ciki, ya riƙa cin dambunsa shi kaɗai a gindin mangwaro, ya rantse ran Laraba sai gaban mai unguwa. Sai dai mutum ne mai gudun a yi masa dariya, ba ya son ya je da baki kawai. Ranar da abokin ya tafi kasuwa, gogan naka ya lallaɓa lambun mutane da ƙwarya da carbi. Ya riƙa tara ƙwaryar a bakin kowace kafa yana jan carbi har ta cika. Kafar farko, ƙwaya goma. Ta biyu, goma sha biyu. Wata ma kafin ya ja bakwai ta tumbatsa. Da ya zo kafar kan iyaka kuwa, ya ja carbi har ya ƙare, ya sake zagayowa, ƙwarya ko rabi ba ta yi ba. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu yana murna ya kama ɓarawo, sai ya taɓo dutse. Ya jawo shi, ya goge laka, ya juya shi. Wallahi ya gane shi sarai. Dutsen da shi da kansa ya danna bara ne, lokacin da ruwa ke zaizaye masa gefen lambu, ashe ya zame ya shige kafar.

Daga cire dutse ruwa ya kwararo wa albasarsa. Da fangalin abokin ya tsane, sai ga albasar abokin kwance, ta ruɓe gaba ɗaya don yawan ruwa. Yana nan tsaye, laka har gwiwa, dutse a hannu ɗaya, carbi a ɗaya, sai ga mai lambu ya dawo. Kunya ta rufe shi, ya faɗi gaskiya tsaf, har da maganar Laraba. Abokin ya dubi dutsen, sai ya ce, "Ai ka riga ni da kwana ɗaya. Ni Alhamis na shirya kai ƙararka, a kan ka toshe min kafa don ka kashe min albasa." Suka kama dariya har suka zauna a laka. Washegari suka dasa sabon iri tare a fangalin da ya ruɓe, da rana aka dawo kwano ɗaya.

Ka ga aikin 'yarka ke nan. Sinadarin da ya fi taruwa ba haɗama ce ta tara shi ba, nawar kamu ce, hanya ce ta tsuke a wurinsa, kamar yadda dalma take taruwa. Wanda bai auna kowace kafa ba, sai ya ɗora wa tauraro laifin da bai yi ba, ya ce ya cika zafi, ko ya ce ya daɗe fiye da yadda ya daɗe. In ka ga abu ya taru a wuri ɗaya, ka sunkuya ka zura hannu kafin ka ɗaga murya. Hausawa sun riga mu faɗa: ruwa ba ya tsami banza.