Fitilar Kawu Manzo

Ran Lahadi, rana kamar za ta narka kwalta, na ari motar Kawu Manzo don in kai wa iyayen Zalika gaisuwa a Tabotaki: zabi biyu da kwandon albasa.

Ina fita Madawa, fitilar esansi ta kama. Na san ma'anarta: abin da ya rage a tanki ba zai kai ni ba. Aljihuna kuwa ba ko dala.

Na tsaya wajen mai esansin kwalba. Ya dubi zabin, ya dubi albasar, ya ce, "Samari, ba kuɗi? To zabin da albasar duka, ko ka tura motar."

A kwalba ta uku tanki ya tumbatsa har ƙasa. Fitilar tana nan kunne.

Na kira Kawu.

"Yo wannan fitilar? Tun da na sayi motar take haka, ɗana."

"Kawu, mi ya hana ka gyara?"

"In gyara? Duk wanda ya ari motar, da tanki cike yake maido min ita."

Asarar ranar: zabi biyu, kwandon albasa ɗaya, da mutuncin saurayin da ya gai da surukai hannu wayam.