Hayaƙin da Ba na Gobara Ba

Shekara goma sha tara Inna tana goge daɓen ɗakin gwajin sinadarai, har bayanta ya ranƙwafa. Saura wata biyu ta ajiye aiki. Burinta ɗaya ne, ta huta, ta ga fuskar jikanta na fari da 'yarta ke ɗauke da cikinsa.

Duk shekara akan yi wa ma'aikata bita kan haɗarin sinadarai. Inna ce mai share zauren bitar, ta jera kujeru, ta kawo ruwan sha. Da an zazzauna sai shugaban ɗakin ya ce, "Sannu Inna, ja mana ƙofar." Takan ja, ta zauna a benci a waje tana matsa gwiwoyinta. A ganinsu, ina ruwan mai tsumma da karatun masu farar riga?

A bayan ƙofar nan ake faɗin halin salfa tirayoksaid, sinadarin da suke gwajin haɗa sabulun wanki da shi. Iska na taɓa shi sai ya yi farin hayaƙi mai shaƙe mutum. Da ruwa kuwa ba sa ga maciji. Suna haɗuwa sai ya tafasa, ya fantsama, ya zama asid irin na ruwan batir, har ya fi shi muni.

Wata Talata da hantsi wani ma'aikaci ya ɗauko kwalbar sinadarin, aka kira shi a waya, ya dire ta a bakin tebur ya fita, murfin bai zauna ba. Inna ta shigo da bokitinta ta tarar kwalbar ta kife, takardun kusa sun yi baƙi, hayaƙi na tashi.

"Gobara!" in ji ta. Ba ta gudu ba, baiwar Allah. Ta yi abin da ta sani tun tana yarinya, ta ɗaga bokitin ta sheƙa.

Abin ya yi tsalle ya watsu a fuskarta. Likitoci sun ceto ranta, idanun kam ba su dawo ba.

Shugaban ya zo asibiti dubiya, ya zauna yana girgiza kai. "Haba Inna! Wa ke zuba wa wannan abu ruwa? Ai kowa ya sani."

"Kowa, ranka ya daɗe?" ta tambaya a gajiye. "A ina aka faɗa?"

"A wajen bita mana, duk sheka..." Bai ƙarasa ba.

Da 'yarta ta haihu, aka ɗora mata jaririn a cinya. Ta daɗe tana bin fuskarsa da yatsu, daga goshi zuwa haɓa.

"Wa ya ɗauko?"

"Ke ya ɗauko, Inna," in ji 'yar. "Idanunki ne sak."

"To," in ji Inna, "Allah ya bar masa su."

Jama'a, ba kowane hayaƙi ake kashewa da ruwa ba. Duk wanda ke shiga inda sinadari yake, ko da tsintsiya ya shiga, a zaunar da shi a koya masa, kada a ce ya ja ƙofa.