Ranar da Darakta Ya Hau Bas

Darakta ya cusa kansa cikin bas yana toshe hanci da hankici, sai ka ce wanda ya shiga bayan gidan kasuwa. Rabonsa da motar haya tun yana ɗalibi.

Ba son talaka ne ya kawo shi ba. Yau kwamiti zai zauna a kan kujerarsa, ko a bar masa hukumar kula da zirga-zirga ko a sallame shi. Ya daɗe yana cika baki wai sabon tsarinsa ya kashe cunkoso a babban shataletale, hayaƙi ya ragu, kowa na isa wurin aiki da wuri. Masu ƙorafi kuwa, a wurinsa 'yan baƙin ciki ne. Ai shi ma nan yake bi kullum da safe, a hakimce bayan baƙin gilas, ko birki direbansa ba ya takawa. Don haka ya bugi ƙirji a gaban kwamitin: zai zo a bas kamar kowa, kuma zai riga su isa. Ko ma'aikatansa bai gaya wa ba.

Bas ta zaga unguwanni, ta ɓullo ta titin gefe. Tana hango shataletale ta tsaya cak.

Aka yi ta zama. Hayaƙin salansa ya turnuƙe, gumi ya jiƙa masa kwat sharkaf. Abin da ya fi ƙona masa rai, ba wanda ya damu. Wata mata ta ciro saƙarta, na kusa da shi har ya fara minshari. Ya tambayi kwandasta ko haɗari aka yi. Kwandasta ya ce ina, ai kullum war haka sai an yi wannan zaman, yau dai ya ɗan yi tsawo.

Waya ta yi ta ruri. Sakatariyarsa ta ce kwamiti ya zauna. Can kuma ta sake kira, ta ce sun fara tattara takardunsu.

Ya diro a fusace, ya ratsa motoci har gaba. Ga babban titi fayau, ko keke babu, ga wani jami'in ba da hannu ya tare jama'a yana ta leƙen hanya. Darakta ya rufe shi da masifa, ya rantse yau sai ya tuɓe masa kaki.

Jami'in ya dube shi sama da ƙasa, ya ja tsaki.

"Malam, koma mota ka zauna. Darakta muke jira, in bai wuce ba, ba mai motsawa."