Ana Gobe Ba Da Maki

A bayan filin fareti ya same ta tana kwance igiyar takalminta, ya ce yana so ya turo manyansa gidansu.

Ta ɗago ta kalle shi sama da ƙasa. Dukansu ɗaliban jami'a ne masu koyon aikin hafsan soja, kuma gobe kowa zai ba ɗan'uwansa maki kan iya shugabanci.

"Sai yau bakinka ya buɗe? Ko sannu ba ka taɓa ce min ba."

"Wallahi ba don makin ba ne."

"Ni na ambaci maki?"

Ya shiga murza hularsa.

Ta miƙe. "Jibi ka duba abin da na ba ka. In bakin naka ya sake buɗewa, zan kwatanta maka gidan Baffana."