Maginiyar da 'Ya'yanta Suka Hana Motsi

Malam, kai da ka hana matarka ko ɗaga buta tun da aka sallamo ta daga asibiti, matso ka ji abin da idona ya gani. A garinmu akwai wata maginiyar tukwane da ciwon daji ya kama wa ciki, har likitoci suka yanke fiye da rabin tumbinta. Ranar sallama likita ya gaya wa 'ya'yanta cewa ɗan tumbin da ya rage ba zai riƙa tatso amfanin abinci kamar da ba, don haka ƙashinta zai yi ta raunana a ɓoye. Ya ba ta magani, ya ce da zarar ɗinki ya warke ta riƙa tafiya kullum tana ɗaukar abu marar nauyi. 'Ya'yan suka karɓi maganin, sauran maganar kuwa a ƙofar asibiti suka bar ta. A wurinsu abin kunya ne a ga uwar da aka farke wa ciki tana wahala alhali ta haifa. Suka kwantar da ita a ɗaki, ruwan alwala ma har bakin gado. Bayan wata biyar ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun da suka shekara arba'in suna cuɗa yumɓu suka ƙi ɗaukarta. Ta tsorata ƙwarai, don ta san tsohuwar da ƙugunta ya karye ba kasafai take sake miƙewa ba.

Ta dubi ɗanta na fari ta ce, "Kai wannan, tausayinku zai kashe ni kafin ciwo." Da hantsi ta fara bin bango zuwa zaure. Sai da ta yi wata biyu kafin ta kai ramin da ake haƙar yumɓu, ta dawo da dunƙule ɗaya tak a ƙwarya. Duk Juma'a sai ta ƙara dunƙule. Maƙwabta kuwa bakinsu bai huta ba, wai 'ya'yan sun gaji da jinya. A damina ta biyu, tana hawowa daga ramin da ƙwarya cike a ka, santsi ya kwashe ta, ta faɗi tim a kan ƙugu. Ina wurin. Mata suka ɗauki salati, ɗan ya sheƙo yana kuka, kowa ya ɗauka an gama. Sai matar nan mai guntun tumbi ta dafa ƙasa ta miƙe tsaye, tana tambayar ina ƙwaryarta. Aka ɗauki hoton ƙashin ƙugun a asibiti, ko tsagewa babu. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, in ce ikon Allah ya wuce tunani. Bayan kwana uku, ɗan nan da hannunsa ya cika ƙwaryar ya ɗora mata a ka. Gaskiyar Hausawa da suka ce motsi ya fi laɓewa.