Shatar Yatsu a Kofin Silba

Tun da aka gano cewa ƙarfin jarumi yana komawa jikin wanda ya riƙe hannunsa lokacin fitar rai, jaruman birnin suka daina musabaha.

Ran sadakar uku ta shugabansu Barau, mai lanƙwasa ƙarfe da yatsu, Tanimu mai tashi sama ya sauko gaisuwa. Ilu, mataimakin marigayin, ke zaune a tabarmar makoki. Shi baiwarsa ji ce kawai, ko allura ta faɗi a bayan gari sai ya ji.

"Ya haƙuri, Yallaɓai? Wa ke kansa da ya cika?"

"Babu kowa," in ji Ilu. "Ƙarfin ya bi shi kabari. Sha ruwa."

Ya miƙo masa kofin silba. Tanimu na karɓa, yatsunsa suka faɗa wurare huɗu da ƙarfen ya lotsa, sabuwar lotsawa. Ya kurɓa a hankali, idonsa a ƙasa.

Ilu ya karkata kai, ya yi murmushi.

"Tanimu, me ya sa zuciyarka take gudu haka?" Ya miƙo hannu. "Matso mu gaisa."