Kwalba Mai Sanyi a Hannun Suruki

Ranar Laraba ce, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, a wata tashar lantarki mai aiki da nukiliya a bakin wani babban kogi. A irin wannan tasha akwai tukunya guda wadda ba ta jure ƙishirwa. Muddin ruwan sanyi ya daina zagaya ta, masifar ba ta tsayawa a kan ma'aikata, har garuruwan bakin kogin sai ta taɓa. Shi ya sa ake gwada ma'aikata ba tare da sanarwa ba, a ga ko sun sha giya ko ƙwaya. Na'ura ce ke fitar da suna. Wanda ya fito zai hura iska a bututu, sannan ya yi fitsari a 'yar kwalba, mai gwaji yana tsaye yana gani. Haka dokar ta ce: yana gani.

Mai gwajin ranar mutum ne natsattse, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Da ya ga wanda ya turo ƙofa, sai ya miƙe ya rusuna. Surukinsa ne, mahaifin matarsa, dattijon da ke kula da famfunan ruwan sanyi. Tun da ya auri 'yar mutumin nan bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ambaton sunansa ba, in sun haɗu a hanya takalmi yake cirewa. Yau kuma an ce ya tsaya ya dube shi yana kwance mazagi. Ka'ida ta ce idan naka ne, ka kira wani mai gwajin. Amma ya ga zaunar da dattijo a benci yana jiran wani, yara suna wucewa suna kallonsa, ya fi zagi.

"Baba, barka da asuba."

"Yawwa. Ya mutanen gidan? Yi aikinka, ɗana, kada ka ji komai."

Dattijo ya hura bututu, ba a ga giya ba. Da aka zo ga kwalba, mai gwaji ya miƙa ta da hannu biyu, ya juya fuskarsa ga bango, har ya buɗe famfo don kada kunnensa ma ya ji. Da aka dawo masa da ita, sai ya juya ta a tafin hannunsa. Abin da ya fito daga jikin mutum yanzun nan da ɗumi yake zuwa. Wannan kuwa sanyi ƙalau, kamar ruwan randa. Dattijo yana wanke hannu a hankali, bai waiwayo ba.

"Akwai wani abu ne?"

"Babu, Baba. Allah ya ba da sa'a."

Ta taga ya bi shi da ido yana ratsa fili, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Waya tana kan tebur. Kira ɗaya ya isa mai gadi ya tsayar da shi kafin ƙofar ciki, ta shiga wurin famfuna. Ya ɗora hannu a kanta, ya tuna matarsa, ya tuna ranar da mutumin nan ya ba shi ita bai tsawwala masa komai ba. Yana wannan tunani ƙofar ciki ta rufe. Ya liƙe kwalbar ya ajiye ta cikin sauran.

Abin da bai sani ba, dattijo ya daɗe da ciwon baya, yana ɓoyewa don kada a ɗauke shi daga famfunan da ya san kukansu kamar na 'ya'yansa. Ƙwaya yake saya a kemis ba da izinin likita ba. Daga ɗaya ta koma biyu, daga biyu ta koma uku. Kullum kuma yakan fito da fitsarin wani maƙwabcinsa a aljihu saboda irin wannan rana.

Bayan azahar wani famfo ya soma zafi. Fitila ta yi ja a gaban dattijo, ƙararrawa ta ɗauka, shi kuwa yana zaune ido buɗe bai motsa ba. Famfon ko-ta-kwana yana jiran a murɗa masa makunni kawai, ba a murɗa ba. Wani makaniki ya taho da gudu, tururi ya saɓule masa fatar hannu kafin ya kai. Daga ɗakin sarrafawa wata injiniya ta kashe tukunyar baki ɗaya. Garuruwa suka rasa wuta, masu gadi suka rufe ƙofofi, aka daɗe ba wanda ya san ko ruwan zai riƙe. Allah ya sa ya riƙe.

Kafin la'asar aka kawo wani baƙon mai gwaji wanda bai san uban kowa ba. Ya jera ma'aikata duka a baranda, ƙofa a buɗe. Abin da aka ji kunyar mutum ɗaya ya gani da safe, da yamma kowa ya gani. Aka ɗauko kwalbar safe aka kwatanta da ta yamma, aka ga ba fitsarin mutum ɗaya ba ne, aka kira mai gwaji, aka tambaye shi a gaban surukinsa: ina idonka yake?

Aka sallami mai gwaji da surukinsa. Cikin waɗanda abin ya shafa, waɗanda suka rage a tashar su ne injiniyar, da mai gadin da ba a kira ba, da makanikin, wanda aka mayar ɗakin ajiya don hannunsa ba ya riƙe sifana kuma. A gida kuwa an bar mace guda tana kai tuwo gida biyu, na mijinta da na ubanta, kuma a kowanne ba a ambaton ɗayan.

Ka ji dalilin da magabata suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.